Mai Gudu A Ƙasar Gobir: Kunne Ɗaya A Ƙirji, Ɗaya A Gari

Duk saurayin da ke neman shiga aikin soja ya san cewa kafin ya ga ƙofar Depot ta Zariya, akwai gudun kilomita 3.2 da ke jiransa a wurin tantancewa. Saboda haka wanda ya fito daga Sabon Birni ko Isa, dole ya horar da jikinsa tun daga gida. To, amma a wannan yanki gudu ba abin wasa ba ne.

Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mutanen Gobir sun ga sa gudu da idonsu. A watan Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Bayan irin wannan, mace ta hangi saurayi ya sheƙo da gudu da asuba, me za ta zata? Sai ta suri goyonta ita ma ta ruga.

Ga inda wuyar take. Horo yana bukatar mutum ya tattara hankalinsa a kan jikinsa: numfashi, taku, da bugun zuciya. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. In kana gudun yau da kullum har ka kasa yin magana jimla guda, ka yi sauri fiye da kima. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Jiri, ciwon kai da rikicewar tunani alamu ne cewa zafi ya fara yin illa. A tsaya, a nemi inuwa da ruwa.

Amma wanda ya nutse cikin kansa har ya toshe kunnuwa da waƙar waya, ba zai ji ƙarar babur a bayansa ba, ba zai kuma lura abokinsa ya fara tangaɗi ba.

Abin lura shi ne, gaisuwa tana biyan bukata biyu. In ka iya ce wa dattijo "ina kwana, Baba" ba tare da haki ya sarƙe ka ba, ka auna numfashinka, ka kuma sanar da shi cewa lafiya kake gudu.

Ko manyan gwanaye ba su gudu su kaɗai. Lokacin da Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019, 'yan gudu 41 ne suka yi ta karɓa-karɓa suna raka shi.

Saboda haka, 'yan'uwa matasa, ku fita uku ko huɗu, bayan gari ya waye. Ku sanar da mai unguwa da masu tsaron gari. Ku zaɓi filin makaranta ko na ƙwallo a cikin gari, ku bar hanyar daji. Wanda ke gaba ya duba hanya, na baya ya duba 'yan'uwansa, bayan kowane zagaye a yi musanya. Iyaye kuma, kada ku hana su. Ku dai tambaye su inda za su, da wanda za su tare.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir.