Matsalolin Shigar Giya a Tsohon Injin Kwale-kwale: Musabbabansu da Matakan Gano Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalolin da kan hana giya shiga ko zama daram a tsofaffin injinan da ake ratayawa a bayan kwale-kwale. Ta bayyana yadda giyar take aiki, da alamomin lalacewarta, da matakan da ya kamata a bi kafin a kwance giyabos. Maƙalar ta nuna cewa sau da yawa cutar tana farawa ne daga waje, kuma jinkirin magance ta shi ke kai ta ciki.

1.0 Gabatarwa

A garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri da ke gaɓar kogin Kwara, da Baga da ke bakin tafkin Cadi, kwale-kwale mai inji shi ne motar haya, shi ne kuma mai kai kifi da amfanin gona kasuwa. Irin wannan inji ya fara samun kasuwa ne bayan wanda Ole Evinrude ya ƙera a Amurka a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko a 1960, kuma samfurinsa Enduro mai ƙarfin doki 40 sananne ne a ruwayen Nijeriya. Da yawa daga cikin injinan nan sun kwana biyu, sun bi hannuwa da dama.

Jirgin ruwa ba shi da birki, ribas ita ce birkinsa. Idan giya ta ƙi shiga a lokacin da matuƙi ya doshi gaɓa da fasinja, ko ta zame a tsakiyar kogi da damina, to ba dukiya kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rayuka.

2.0 Yadda Giyar Take Aiki

Daga kan injin akwai doguwar sandar ƙarfe da ta sauko zuwa giyabos, wato sashen da ke nutse cikin ruwa. A ƙarshenta akwai ƙaramar giya wadda haƙoranta ke sarƙe da manyan giyoyi biyu, ta gaba da ta ribas. Muddin inji na aiki, giyoyin nan biyu suna juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu, amma babu wadda take riƙe da sandar farfela. Mai haɗa su da ita wani zoben ƙarfe ne da ke tsakaninsu, mai kaurarran haƙora a fuskokinsa biyu, wanda shi ne kulocin injin. Idan matuƙi ya ja hannun giya, wata siririyar sanda ce ke tura zoben ya kama giyar gaba ko ta ribas. Idan ya tsaya a tsakiya, inji yana firi ke nan.

Abin lura shi ne, wannan kuloci ba shi da faranti mai sassauta haɗuwa kamar na mota. Ƙarfe ne ke cafke ƙarfe yana cikin gudu. Ko dai haƙoran su shige gaba ɗaya, ko kuma su riƙa gogar juna har bakinsu ya cinye.

3.0 Alamomin Lalacewa

Alama ta farko ita ce taurin hannun giya. Wannan kan faru ne saboda tsatsa, ko bushewar giris, ko lanƙwasar sanda, ko tsufan kebur a jiragen da ake sarrafawa daga kujerar matuƙi.

Ta biyu ita ce ƙarar gurzar ƙarfe yayin sa giya. Galibi silo ne ya yi yawa, ko kuwa sandar ba ta tura zoben har ƙarshe.

Ta uku ita ce giya ta shiga ta ɓangare ɗaya ta ƙi ɗayan. Wannan matsalar saiti ce, kuma takan bayyana bayan an sauke giyabos don canja robar famfon ruwa, aka mayar ba tare da an daidaita mahaɗin sandar ba.

Ta huɗu ita ce zamewa. Jirgi na tafiya da kaya sai a ji wani bugu kamar an yi karo da kututture, inji ya yi kuka, sannan ya sake kamawa. Wannan shaida ce cewa bakin haƙoran ya cinye.

Ta biyar ita ce inji ya riƙa kuka jirgi kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. Mutane kan ɗora wa giya laifi, alhali sau da yawa farfela ce. A ƙananan injina akwai ɗan ƙarfen da aka yi domin ya karye idan farfela ta bugi dutse, a manya kuwa roba ce a cibiyar farfela, wadda kan saki idan ta tsufa.

4.0 Matakan Bincike

Ƙa'idar ita ce a fara daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada. Kafin a taɓa farfela, wajibi ne a kashe inji a cire wayoyin fulogi.

Matakin farko shi ne duba farfela. A ja layi da fenti daga cibiyarta zuwa jikinta, a ɗan yi tafiya, sannan a duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ce ta saki, giya lafiyarta ƙalau. A kuma zare farfelar a duba bayanta, domin zaren koma ko na mamari kan naɗe a wurin ya yanke robar da ke tare mai.

Na biyu shi ne gwaji da hannu. Mutum ɗaya ya riƙa juya farfela a hankali, ɗaya kuma ya sa giya. A firi ya kamata ta juya ko'ina ba cikas. A gaba ko ribas kuwa ta cije, ko da yake a wasu injinan takan cije ta gefe ɗaya ta yi ƙas-ƙas ta ɗayan. Ba a tilasta wa hannun giya idan inji a kashe yake kuma farfela ba ta juyawa, domin haƙori na iya cin karo da haƙori, sandar ta lanƙwashe.

Na uku shi ne raba sama da ƙasa. A kwance mahaɗin sandar ko kebur, a motsa kowane ɓangare shi kaɗai. Idan giya ta shiga sumul daga ƙasa, to cutar tana sama, kuma giris da saiti ko sabon kebur sun wadatar.

Na huɗu shi ne daidaita silo gwargwadon abin da littafin injin ya ƙayyade. Ana yin wannan ne inji na cikin ruwa, domin tayar da shi a tudu kan ƙone robar famfo nan da nan.

Na biyar shi ne duba man giya. Idan ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Ɗan garin ƙarfe mai laushi a kan maganaɗisun notin ƙasa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi yana nufin haƙora ko boris sun fara karyewa. A nan ne kaɗai kwance giyabos ya zama tilas.

5.0 Gyara da Riga-kafi

Idan haƙora suka cinye, abin da ya dace shi ne a canja zoben tare da giyar da yake kamawa, domin tsohuwar giya za ta cinye sabon zobe. Wasu makanikai kan goge haƙoran ko su yi musu walda saboda tsadar kaya. Wannan dabara ba ta daɗewa, domin taurin ƙarfen a fatarsa ta waje yake, kuma da zarar an goge ta sai laushin ciki ya bayyana.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a wajen sa giyar wannan inji, sannu ita ce ɓarna. Matuƙin da ke lallaɓa hannun giya don tausayin inji, haƙoran yake bari suna gurzar juna. Daidai shi ne a sauke totur gaba ɗaya, a sa giya a karo ɗaya, kuma a ɗan dakata a firi kafin a koma ribas. Haka nan a riƙa canja man giya mai lamba 90 bayan aikin awa 100, ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, don kada iska ta maƙale a ciki.

6.0 Kammalawa

Matsalar giya takan fara ne da ƙaramin abu, kamar saiti da ya goce ko zare da ya naɗe, sannan ta ƙare da cinyewar haƙora. Bin matakan nan bi da bi yana kare mai jirgi daga sayen kayan da bai buƙata. Injin da ya fara zamewa kuwa bai kamata a ɗauki fasinja da shi ba sai an gyara, domin zamewar yau ita ce ƙin kamawar gobe, kuma a tsakiyar ruwa babu gefen titin da za a raɓa.