Yawon jirgin ruwa a Bahar Rum: Abin da mai fasfon Najeriya zai sani kafin ya biya kuɗi

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga Talata Mafara, Bakura ko Dosara ta ƙaramar hukumar Maradun, idan ya ji an ambaci Tekun Bahar Rum, abin da kan fara zuwa masa shi ne labarin matasan da ke bi ta Agadas da Libiya su shiga kwalekwalen roba. Amma a kan wannan teku akwai wata irin tafiya ta daban, wadda yanzu tallarta ke yawo a wayoyin mutanen Arewa: mako guda a cikin wani makeken jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, kowace safiya a wayi gari a wani sabon birni.

Tallar ta ƙara kusantar masu zuwa Umara tun da Saudiyya ta shiga harkar. A watan Disambar 2024 jirgin kamfanin Aroya na ƙasar ya fara tashi daga Jidda, a tsakiyar 2025 kuma ya koma ɗaukar fasinja daga Istanbul zuwa tsibiran Girka da gaɓar Turkiyya. Ga kuma manyan kamfanonin Turai irin su MSC da Costa, masu tashi daga Barcelona, Marseille, Genoa da Civitavecchia. Farashin da ake rubutawa a talla kan yi sauƙi har ya ba da mamaki. Sai dai ga mai koren fasfo, abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a kan wannan tafiya, wato biza da agogo, kuma babu ɗayansu da tallar ke tsayawa ta yi bayani.

Biza kafin tikiti

Jirgin kan ratsa ƙasashe uku ko huɗu a cikin mako guda, kuma kamfanoni kan buƙaci fasinja ya riƙe izinin shiga kowacce daga cikinsu tun ranar hawa, ko da ya ce shi ba zai sauka a wata tashar ba. Wanda takardunsa ba su cika ba ana mayar da shi daga bakin jirgi, kuma a bisa sharuɗɗan yawancin kamfanoni kuɗin tikitin ya tafi ke nan.

Italiya, Faransa, Sifaniya, Girka, Malta da Kuroshiya duk suna cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, biza ɗaya ce ke buɗe su. Turkiyya, Masar, Tunisiya da Montenegro ba sa ciki, kowacce da ƙa'idarta, kuma ba a ɗauka cewa abin da aka yi wa Bature ko Balarabe za a yi wa ɗan Najeriya. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan jirgi ya tashi daga Piraeus ta Girka, ya tsaya a Kusadasi ta Turkiyya, ya dawo tsibirin Girka, fasinja ya fita daga Schengen ya sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ta riga ta ƙare a fitar farko. Don haka mai irin wannan hanya sai ya nemi bizar shiga sau da yawa, ya haɗa da jadawalin jirgin a cikin takardunsa domin jami'in ofishin jakadanci ya ga dalili.

Tun daga 11 ga Yunin 2024 kuɗin bizar Schengen Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyoyin karɓar takardu irin su TLScontact, VFS Global da BLS da ke Abuja da Legas. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, wanda zai ƙara wata uku da rai bayan ranar fita. Gara ma a tafi da mai sauran wata shida, domin kamfanonin jirage da dama haka suke so. Ana iya shigar da takarda tun saura wata shida, amsa kan fito a cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nufa, idan kwanakin sun zo daidai sai ta farkon shiga. Mai nema na farko dole ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa, don haka duk wakilin da ya ce a ba shi fasfo da kuɗi a zauna a Mafara a jira, magana ce da ke buƙatar a sake dubawa.

Alƙaluman Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2023 da 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya, kuma ba a mayar da kuɗin wanda aka ƙi. Abin da jami'in ke nema shi ne hujjar cewa mutum zai dawo. Ma'aikacin gwamnati na da sauƙi a nan, da takardar hutu da ta albashi. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke cikin buhunan shinkafa, shanu da bashin da yake bin abokan ciniki, shi ne kan sha wahala, ko da ya fi ma'aikacin arziki nesa ba kusa ba, saboda takardar banki ta wata shida da rajistar kasuwanci ake karantawa. Zuba maƙudan kuɗi a asusu mako guda kafin neman biza kan jawo zargi ne kawai. Mafi aminci shi ne a zaɓi tikitin da ake iya fasawa a karɓi kuɗi, ko a tsaya ga kuɗin kafin alƙalami har sai biza ta fito.

Katin rigakafin cutar shawara shi ma a sa shi kusa da fasfo, musamman idan Masar na cikin hanya.

Jirgin ba ya jiran fasinja

A tashar mota ta Talata Mafara ranar kasuwa, direba kan jira mota ta cika, fasinjan da ya je alwala a aika yaro ya kira shi. Jirgin ruwa mai fasinja dubu huɗu ko biyar ba ya aike. An ba shi lokacin barin tasha, wani jirgin na jiran gurbinsa, kuma galibi ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi. Wanda ya makara sai ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, idan kuma tashar tana wata ƙasa ce da bizarsa ba ta kai ba, lamarin ya koma na ofishin jakadanci.

Wannan ƙa'ida ta fara aiki tun daga gida. Hanyar Mafara zuwa Sakkwato ko zuwa Gusau da Kano ba ta dare ba ce a halin tsaron da ake ciki, jiragen sama na cikin gida kuma kowa ya san yadda suke ɗaga lokaci. Mai hankali kan isa birnin da jirgin ruwan zai tashi da kwana ɗaya ko biyu a hannu. Kuɗin otal na dare guda bai kai asarar tafiyar gaba ɗaya ba.

Sai batun agogo. A lokacin zafinsu Italiya, Faransa da Sifaniya na gaban Najeriya da awa ɗaya, Girka da Turkiyya da awa biyu, Tunisiya kuwa daidai take da Najeriya. Waya kan sauya lokaci da kanta gwargwadon layin da ta kama, alhali jirgi na bin nasa lokacin da ake sanarwa a takardar shirin kowace rana. A wannan takarda akwai lambar wakilin jirgin a tashar da aka tsaya. A ɗauki hotonta kafin a sauka.

Wani abin da tallar ke sakayawa shi ne sunan birnin da ke jadawali sau da yawa ba nan jirgi ke tsayawa ba. Inda aka rubuta Rum, Civitavecchia ake nufi, kimanin kilomita 80 daga birnin, kusan tafiyar Mafara zuwa Gusau, fiye da awa guda a jirgin ƙasa. Florence kuwa daga Livorno ake zuwa mata, kusan kilomita 90. Mai son ganin dalar Giza daga Iskandariya zai yi sama da kilomita 200, kamar Gusau zuwa Sakkwato, ya je ya dawo a yini guda. Venice ta hana manyan jirage shiga tsakiyarta tun watan Agustan 2021, sai su tsaya a Marghera ko ma wasu garuruwan da ke nesa. A Santorini jirgi ba ya kai wa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane, sannan a bi layin motar igiya a hau tudu, kuma layin dawowa da yamma kan yi tsawo ƙwarai.

A irin waɗannan wurare masu nisa, biyan kuɗin rangadin da kamfanin jirgin ya shirya yana da ma'ana duk da tsadarsa, domin idan motar rangadin ta makara jirgi kan jira ta. A Barcelona, Valletta ko Istanbul kuwa, inda gari ke bakin tasha, biyan wannan kuɗi kusan ɓarna ce. Daga Galataport ta Istanbul, taragon T1 na kai mutum Sultanahmet, Babbar Kasuwa da Laleli, unguwar da 'yan kasuwar tufafi na Kano suka daɗe da sani. Babbar Kasuwar ba ta buɗewa ranar Lahadi.

Ciki, sallah da aljihu

Guzurin kilishi, dambun nama da man shanu ya tsaya a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, ana ƙwacewa, ana iya cin tara. Magani kuma a tafi da shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Masar ba ta wasa da tramadol: a 2017 wata 'yar Birtaniya ta samu hukuncin ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin da aka samu a jakarta.

A jiragen Turai abinci na da yawa, amma naman alade na ɓuya a inda ba a zata ba. Kalmomin da za a kiyaye su ne maiale da prosciutto a Italiya, cerdo da jamón a Sifaniya, porc da jambon a Faransa, kuma wasu miya da kayan zaƙi ana sa musu giya. Kifi, ƙwai, taliya da ganye sun ishi mutum mako guda. Mai son naman halal ya sanar da kamfani tun lokacin sayen tikiti. A tudu kuwa, unguwar Noailles ta Marseille cike take da mahautan Arewacin Afirka.

Bahaushe ya saba cewa gabas idan yana nufin alƙibla. A Rum alƙibla kudu maso gabas take, a Istanbul kuwa ta fi karkata kudu, jirgin kuma yana juyawa yana tafiya. Talabijin ɗin ɗaki kan nuna inda jirgi ya dosa, wannan kan taimaka. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Barcelona sai wajen tara da rabi na dare, don haka a duba lokutan sallah na kowane gari, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuma a tambayi malami kafin a bar gida. Hijabi ba shi da matsala a waɗannan tashoshi, amma Faransa ta haramta rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, tarar kan kai Yuro 150. Maigidan da iyalinsa ke sa niƙabi ya duba ko Marseille ko Nice na cikin jadawali.

Araha ba ta ado. Bayan kuɗin tikiti, ana ɗora wa kowane fasinja ladan ma'aikata a kowane dare, galibi tsakanin Yuro 10 da 20, sai kuɗin lemo, intanet da asibitin jirgi, wanda tsadarsa ce ta sa inshorar ba takardar cika ƙa'ida kawai ba ce. Girka ma ta fara karɓar harajin Yuro 20 a kan duk wanda ya sauka a Santorini ko Mykonos a tsakiyar lokacin baƙi daga 2025. A tsakiyar teku waya kan kama layin tauraron ɗan Adam na jirgin, mai cinye kati cikin 'yan mintuna, gara a kashe layin sai an iso gaɓa. Mai ɗauke da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan a shigarsa Turai.

Ɗan kasuwa ba ya ganin kaya ya kau da kai, amma awa shida a tasha ba ta sari ba ce, kuma komai aka saya a jirgin sama zai koma gida, inda ake auna jaka da kilo. A Italiya mai sayen jabun jaka ko tabarau a bakin titi shi ma ana cin sa tara, ba mai sayarwa kaɗai ba. Wanda ya yi sayayyar sama da Yuro 70 a shago guda a ƙasar na iya neman takardar mayar da haraji, a tabbatar da ita a filin jirgin sama na ƙarshe kafin barin Tarayyar Turai. Tikitin jirgin ƙasa na takarda a buga masa hatimi a na'urar da ke bakin dandamali kafin a hau. A La Rambla ta Barcelona da jiragen ƙarƙashin ƙasa na Rum da Atina, aljihun gefe na babbar riga ko kaftani kyauta ce ga 'yan sane. Lambar neman agaji a duk Tarayyar Turai da Turkiyya ita ce 112.

Ga wanda ruwa mafi girma da ya sani shi ne tafkin Bakolori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya datse a shekarun 1970, fargabar teku ba abin kunya ba ce. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio, 'yan awanni bayan barin Civitavecchia, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a kai ga nuna musu matakan ceto ba. Bayan nan aka tsaurara doka, dole a yi atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Alamar haɗari ita ce gajeren ƙara bakwai da dogo ɗaya. Wurin taruwar kowane fasinja na rubuce a bayan ƙofar ɗakinsa, kuma mai yawan jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.