Alƙali Mai Jita da Ƙungiyar Tal National

A ƙasar Damagaram kowane kiɗi da wurinsa. Kakaki da algaita na ƙofar fada ne. Kalangu na mahauta ne da na ƴan mata a dandali. Gangar noma kuwa ta gona ce, ranar gayya. Yaro a Dakusa, ko daga nesa ya jiyo kiɗi, ya san abin da ake yi. Haka yake a sauran sassan Nijar. Zabarmawa da nasu kiɗi, Fulani da nasu, Abzinawa da nasu.

To, ana iya haɗa waɗannan kaɗe-kaɗe wuri guda ba su zama hayaniya ba? Wani makaɗin jita na Yamai ya nuna ana iyawa.

Mece ce jita?

Jita ƴar'uwar molo ce. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, garaya biyu, molo uku. Jita kuwa tsirkiya shida gare ta. Da can muryarta ba ta da ƙarfi. In an haɗa ta da kayan busa, ba a jin ta, kamar a ce mai molo ya zauna kusa da mai kakaki.

A Amurka akwai wani kiɗi da ake kira jaz. Baƙar fata ne suka ƙago shi a birnin Niyu Oliyans, wajen farkon shekarun 1900. A cikin jaz ana ba kowane makaɗi fili, ya ƙago kiɗinsa nan take, sauran suna raka shi. Mai jita ya daɗe yana rakiya kawai. Sai da aka haɗa jita da wutar lantarki da akwatin ƙara murya, sannan ta fito gaba. A 1939 wani saurayi mai suna Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da irin wannan jita. Daga nan mutane suka gane mai jita ma yana iya jan ragamar kiɗi. Sannu a hankali jitar lantarki ta bazu cikin duniya, har ta iso Nijar.

Almeida da ƙungiyarsa

Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa ƙungiyar Tal National a Yamai a 2000. Ya buga ƙwallon ƙafa yana saurayi. A lokacin da ƙungiyar ta yi suna, alƙali ne a kotu. Da rana yana shari'a, da dare yana kaɗa jita. Wannan ya ba mutane mamaki, domin a ƙasar Hausa da ta Zabarma kiɗi gado ne, kuma wasu suna ganin makaɗi maroƙi ne kawai.

Almeida ya tara makaɗa daga ƙabilu dabam-dabam: Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa. Suna waƙa da harsunan ƙasa. Sukan ɗauko tsohuwar waƙar gargajiya su yi mata sabon kiɗi. Kiɗinsu ba jaz ba ne, kiɗin Nijar ne. Amma a cikinsa ma jita ce a gaba, kuma kowa yana samun filinsa.

Yaya ake haɗin?

Mai gangunan Turawa yana riƙe da saurin kiɗin. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata, kalangu yana tashi yana sauka kamar magana. Babbar jita mai kaurin murya tana bin ƙasa. Sauran jitoci suna amsa wa juna, kamar zabiya da ƴan amshi. Sai mawaƙi ya ɗora murya a kai.

In kowa ya yi gaban kansa, kiɗi ya lalace. Nan ne aikin shugaba yake. Shi ke zaɓen waƙa. Shi ke sa a yi ta gwaji har hannu ya faɗa. Shi ke nuna wa wannan ya shigo, wancan ya dakata. Dole ya iya kiɗi, amma dole ya fi iya saurare.

Wahalar sana'ar

Rayuwa da kiɗi ba wasa ba ce. Akwai shekarun da Tal National take kiɗi dare biyar a mako, kowane dare wajen awa biyar. Mutum ɗaya ba ya jure wannan. Saboda haka makaɗan suna da yawa, sun wuce goma, suna karɓar juna. Wani lokaci sukan rabu biyu, su yi biki biyu a dare ɗaya. Da suka yi fayafayansu na farko, babu kamfanin da zai rarraba musu. A bakin titunan Yamai aka riƙa sayar da su.

Wani Ba'amurke mai ɗaukar murya, Jamie Carter, ya zo daga Shikago ya yi aiki da su a Yamai. A 2013 kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu mai suna Kaani. Da Zabarmanci kalmar tana nufin daɗi. Sai Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. Sun je sun yi wasa a Amurka da Turai. Mutanen can ba su jin Hausa ko Zabarmanci, amma sun yi rawa.

Kalangu bai daina zama kalangu ba don ya zauna kusa da jita. Bafulatani bai bar harshensa ba don ya yi waƙa da Bahaushe. Kowa ya kawo nasa, ya kuma saurari na ɗan'uwansa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Tsirkiya nawa ne ga goge, garaya, molo da jita?
2. Me ya sa da can ba a jin muryar jita cikin taro?
3. Wa ya kafa Tal National, kuma a wace shekara?
4. Faɗi ayyuka uku na shugaban makaɗa.
5. Waɗanne kayan kiɗi ake da su a garinku? Yaushe ake kaɗa kowanne?