Isnadin Mutanen Nok

A shekarar 1928, sa'ad da leburorin kuza suke wankin ƙasa a ƙauyen Nok, kudu maso yamma da tsaunukan Jos, sai suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, wanda ba a san ƙimarsa ba sai bayan da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya ga wani irinsa daga Jama'a, wanda aka ce mai shi ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamannin kawunan biyu, ya hakikance cewa al'umma ɗaya ce ta ƙera su. Shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, daga baya kuma ya tono matoyan narkar da tama a Taruga.

Amma fa kai shi kaɗai, kome kyansa, ba ya ba da labarin mai shi, domin abin da aka tsinta ba a mazauninsa na asali ba, hukuncinsa a wajen masana hukuncin hadisin da isnadinsa ya yanke. Saboda haka ne masanan Jami'ar Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, da suka fara aiki a 2005 suka yi sansani a Janjala, suka duƙufa kan abin da ɗan kasuwa ba ya ko kallo: tsingaro, da dutsen niƙa, da ƙonanniyar ƙwayar gero, wadda sai an jiƙa ƙasa a ruwa ta taso an tace ta. Da awon waɗannan ƙwayoyi aka gane cewa mutanen sun zauna tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suna noman gero da wake, suna cin atili, har an sami alamar kakin zuma a tukwanensu. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a sami gawa ba, sai jerin duwatsu da tukwane da tsakiya waɗanda ake kyautata zaton kaburbura ne.

Abin takaici, sau da yawa masana kan tarar masu haƙar sata sun riga su, sun bar kufai duk ramuka, sun kwashe gumakan zuwa kasuwannin Turai, sun watsar da gawayin da za a auna shekarunsu da shi.