Zane Ɗaya, Suna Biyu: Yadda Ake Tsare Takardun Ginin Abuja

Duk birkilan da ya taɓa aiki a babban gini, ko a Ikko ko a Fatakwal, ya san injiniya ba ya motsi sai da takardar zane. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, kowane zane suna biyu gare shi, kuma rikita su kan sa a zuba kankare inda bai kamata ba, daga baya a zo a fasa.

Suna na farko yana jikin takardar, cikin wani ɗan akwati a kusurwar ƙasa ta hannun dama. Nan ake rubuta abin da zanen ya ƙunsa, da lambarsa, da kuma ko gyara na nawa ne. Na biyu kuwa shi ne sunan da aka ajiye shi da shi cikin kwamfuta, watau sunan fayil.

Babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar Abuja, domin birni ne da aka zana shi kafin a gina. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi Doka ta 6 wadda ta kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA. Cikin 1979 kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar birnin, aka kuma ba Kenzo Tange, mutumin Japan, fasalta tsakiyarsa. Kowane titi da gada da magudanar ruwa da zanensa, duk na takarda, akawu na shigar da lamba da suna cikin littafin rajista.

Da kwamfuta ta shigo, sai aka gamu da cikas. An fito da AutoCAD, manhajar zane, a 1982, amma tsarin DOS na lokacin bai yarda sunan fayil ya wuce harafi 8 ba. To, ta yaya "Magudanar Ruwan Titin Garki" za ta shiga harafi 8? Sai kowane mai zane ya gutsure sunan yadda ya ga dama. Ran da ya bar aiki, ma'anar ta tafi da shi. Windows 95 ta kawar da wannan ƙaidi, sai kuma wata cutar ta ɓullo: wannan fayil "na ƙarshe", wancan "na ƙarshen ƙarshe", ba wanda ya san na aiki.

Shi ya sa manhajojin ajiyar takardun injiniyoyi suka raba su. Lamba ita ce sunan fayil, ba a taɓa ta. Cikakken suna kuwa yana wani gurbi dabam, ana iya gyara shi. Dalili kuwa, zane yakan jawo wani zanen ta sunan fayil ɗinsa, saboda haka in wani mai son tsabta ya sake sunan, mahaɗin ya tsinke. Ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda ta fito a 2018, ta nemi kowace takarda ta sami lambar da babu mai irinta.

Haka abin yake a sha'anin filaye, wanda ya fi shafar mutumin Agege ko Sabon Ibadan da ya tara kuɗinsa zai sayi fuloti a Abuja. Unguwa tana da suna, tana kuma da lamba: Asokoro ita ce A04, Maitama A05 da A06. Tun da aka kafa ofishin AGIS a 2003, zamanin minista Malam Nasiru el-Rufa'i, da lambar fayil da ta fuloti da ta shiyya ake binciken fili. Dillalin da ya iya sunan titi kawai, bai kawo kome ba tukuna.

A bakin aiki ma haka ne. Yau hoton zane ake turo wa shugaban lebura ta WhatsApp, kuma da zarar hoton ya sauka a waya, sunan fayil ɗin asali ya ɓace. Abin da ya rage shi ne ɗan akwatin nan na kusurwa, shi ma in mai ɗaukar hoton bai yanke shi ba.