Sinadarin gawayi a cikin farantin sola: abin da ya kamata mu sani kafin mu saro

Duk wanda ya zaga kasuwanninmu na bakin iyaka a ƴan shekarun nan, daga Birnin Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa, Jibiya da Maigatari, ya san kayan sola sun samu gindin zama. Abin ya ƙara ƙarfi tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a wancan lokaci ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. An maido da wutar a 2024, amma wanda ya ɗanɗani zama cikin duhu bai ƙara sakin farantinsa da batirinsa ba. To, yanzu kuma ga wata kalma a jikin kwalayen wasu batura da kayan caji da ake shigowa da su daga Asiya, wato Graphene, mu ce girafin, kuma dillalai na ɗora kuɗi a kanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu zare da abawa.

Asalin maganar dai kabon ne, wato sinadarin da ke cikin gawayi, da bakin fensir, da kuma lu'ulu'u. Masana sun gano cewa idan aka ƙanƙanta shi har ya kai awon nanomita, sai halinsa ya canja. Nanomita ɗaya kuwa, sai an raba milimita gida miliyan kafin a same shi. Silin gashin kai guda kaurinsa ya kai nanomita wajen 80,000.

Iri uku ne suka fi suna. A 1985, a Jami'ar Rice ta Amurka, Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano fularin, ƙwayoyin kabon 60 da suka haɗu suka yi siffar ƙwallon ƙafa, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1996. A 1991 wani masanin Japan, Sumio Iijima, ya bayyana ƙananan bututun kabon. Sai a 2004, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare irin sinadarin bakin fensir da salatif, har suka samu shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Ita ce girafin, su ma ta ba su Nobel a 2010.

Ina ruwan waɗannan da hasken rana? Aikin faranti hawa biyu ne. Da farko haske zai faɗa kan wani sinadari ya zaburar da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikinsa. Sannan dole a kwashe su a kai su waya kafin su koma mazauninsu, domin in sun koma, zafi kawai za a samu. A wajen wannan kwasa da dako ne kabon ya yi fice. Fularin na da kwaɗayin karɓar ƙwayoyin lantarki, shi ya sa tun 1995 aka riƙa gauraya shi da wata irin roba ana yin faranti mai laushi, wanda ake iya naɗewa kamar tabarma. Daga 2015 zuwa yau wasu sinadarai sun sha gabansa a wannan fanni, sun kai irin farantin kusan kashi 20 cikin 100 a ɗakin gwaji.

Ita kuwa girafin, kashi 2.3 cikin 100 kawai take sha na hasken da ya faɗa mata, saura ya wuce kamar ta gilashi, alhali tana tafiyar da wuta sosai. Amfaninta shi ne a shimfiɗa ta a saman faranti ta riƙa kwasar wuta ba tare da ta yi inuwa ba, a madadin wani shafi mai ɗauke da ƙarfen indiyom, mai tsada da saurin tsagewa. Amma ita kaɗai ba ta iya riƙe abin da haske ya zaburar. Ke nan wanda ya ce mana ga faranti na girafin zalla, ya faɗi son ransa.

Inda masana suka fi zuba ido yau shi ne wani sinadari mai suna ferobsikit. A 2009, a hannun Tsutomu Miyasaka na Japan, kashi 3.8 cikin 100 na haske yake mayarwa wuta. Yau ya haura kashi 26. Da aka ɗora shi kan silikon, kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 34.6 a 2024, kuma a wannan shekarar kamfanin Oxford PV ya fara sayar da irin wannan faranti mai hawa biyu daga masana'antarsa ta Jamus. Nan ma kabon na ciki: da yawa daga cikin waɗannan faranti na gwaji fularin ne ke musu dako, sannan a 2014 masu bincike a birnin Wuhan na Sin suka nuna ana iya buga tawadar kabon a bayansu, kamar yadda ake buga zane a riga, maimakon zinari. Kabon ya fi araha, kuma yana kore danshi.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ferobsikit na ɗauke da darma, kuma zafi da danshi na lalata shi. Farantin silikon, wanda ya riƙe kusan kashi 95 cikin 100 na kasuwar duniya, ana ba shi garanti na shekara 25. Sabon bai kai ga nuna irin wannan juriya a fili ba tukuna, balle a ƙarƙashin ranar watan Afrilu ta yankinmu, inda jikin faranti kan haura digiri 60. Abin da ya yi rawar gani a ɗakin gwaji mai sanyi, sai ya sha bazara da ƙurar hunturu kafin mu ba shi shaida.

Game da baturan da ake rubuta wa girafin kuwa, akasarinsu batir ne na darma da ruwan asid, ko na litiyom, da aka ɗan barbaɗa wa kabon. Hakan na iya taimaka wa caji, amma bai mai da shi wani sabon abu ba.

Saboda haka ga shawararmu ga masu saro kaya. Mu auna faranti da tef: murabba'in mita ɗaya na silikon mai kyau wat 200 zuwa 230 yake bayarwa, don haka ƙaramin farantin da aka rubuta wa wat 500 ƙarya ce tsagwaronta. Mu sanar da mai saye cewa lambar da ke bayan faranti a digiri 25 aka gwada ta, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wuta da kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Faranti mai wat 100 zai iya komawa wat 85 da tsakar rana. Mu nemi shaidar gwaji ta IEC 61215 da takardar garanti mai sunan kamfani. Batirin darma kuma mu ɗora shi a sikeli, domin nauyinsa ya fi rubutun kwalinsa faɗin gaskiya.

Binciken kabon na tafiya, kuma wata rana farantin da ya fi na yau sauƙin ɗauka da sauƙin kuɗin dako zai iso duwan. Kafin nan, kada mu biya kuɗin suna, domin in kaya ya mutu a wata shida, mai saye bai san masana'anta ba, rumfarmu ya sani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.