Uwargida, In Motar Gida Ta Daɗe A Ajiye Ta Ƙi Tashi

Yau zancenmu ya bar kicin ya koma gareji, domin sau da yawa ke ce akan bar wa tsaron mota. Maigida ya tafi kwas, ko an yi masa canjin wurin aiki ya lulluɓe ta da tamfol ya tafi. Wata kuwa mijin ne ya rasu, ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, ba wanda ya tuna da mota sai daren da za a kai yaro asibiti. A murɗa makulli a ji ƙat-ƙat, ko kuwa shiru. Nan da nan sai a ce batir ya mutu, kawo kuɗin sabo.

To, dakata tukuna. Ba kowane batir da ya yi shiru ne ya mutu ba, wani suma ya yi.

Ko an kashe mota, agogonta da rediyo da ƙararrawar ɓarayi da kwamfutar injin suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Shi kansa batirin yana zubar da cajinsa, balle a zafin bazara. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne da farantan dalma a nitse cikin ruwan asid. In yana cike, mita za ta nuna bolt 12.6, in ta nuna 12.2 saura wajen rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Sa'ad da ya zauna ba caji, wani irin gishiri yakan kama farantan nan, ya yi ta tauri. Kin dai san ƙanzo: na jiya da an jiƙa ya saki, na tukunyar da aka manta a bayan ɗaki kuwa sai an sha fama. Haka abin ya ke. Shi ya sa ranar da kika gane ya yi sanyi, ranar ya kamata a nemi caji, ba sai maigida ya dawo ba.

Yaran unguwa za su ce a tura. Motar da ke canja giya da kanta, watau otomatik, ba ta tashi da turi, kada ki bari su wahalar da ita. Wani maƙwabci zai kawo wayoyi a ja wuta daga tasa. Wannan yana fid da ke kunya in ana gaggawa: jan waya a kan alamar + ta batiran biyu, baƙar waya a kan alamar - ta mai lafiya, ɗaya bakin kuma a maƙala a jikin ƙarfen injin taki, nesa da batir. Amma fa tashi kawai ta yi. Barin injin yana gurnani minti 10 a tsakar gida ba ya cika batir, kuma altaneta, na'urar da ke yi masa caji in ana tafiya, ba a yi ta don ta tada wanda ya ƙare ƙaf ba. Ana iya gajiyar da ita, asara ta zama biyu.

Abin da ya dace shi ne a ciro batirin a kai wa mai caji. In ke za ki tsaya a kan aikin, ko ki kama da hannunki, fara da cire zobe da awarwaro da agogo. Ƙarfe in ya haɗa kan batir da jikin mota yakan yi ja nan take, ya ƙona hannu. Ki ɗaure mayafinki, kada kuma ki sa atamfar fita unguwa, don asid yana huda zane. A fara kwance wayar -, sa'an nan ta +. Wajen mayarwa kuma - ce ta ƙarshe. Farin garin nan da kan taru a kawunan batir a wanke shi da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin.

In irin mai murafu ne, a buɗe a leƙa. Ruwa ya rufe farantan? In bai rufe ba, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya ko na famfo, ban da ƙarin asid kuma, ko wa ya ba ki shawarar.

A wurin mai caji, ga inda za ki dage. Ki ce a hankali kike so. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin: wanda aka rubuta 60Ah a jikinsa a ba shi wajen amfiya 6, ya sami awa 12 ko fiye. Mai cewa ki dawo bayan awa guda wuta zai banka masa, ya yi zafi, farantan su lalace. Tuwon da aka yi wa haka kin san yadda ya kan fito. In kuna da caja a gida, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da fitilar ƙwai da mai shan taba, gama batir yana fid da iskar haidurojin lokacin caji, ita kuwa da ta ga tartsatsi sai fashewa.

Bayan an gama, a bar shi ya kwana ba a haɗa da kome ba, da safe a auna a gabanki. In ya riƙe 12.5 ko sama, ya kuma juya injin da ƙarfi, kuɗinki sun huta. In ya zube, ko jikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to wannan kam ya gama aiki. Ki ba da shi a inda za ki sayi sabo, galibi sukan rage miki wani abu. Kada a yar da shi a lungu yara su fasa, dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

In kuma motar za ta sake zama, a kwance wayar - a ajiye ta gefe. In akwai mai tuƙi a gidan, ya zaga da ita kamar rabin awa kowane mako, ya duba iskar tayoyi kafin ya fita.